Tarihinmu yana bakin tsofaffi, mu sa shi cikin takarda

Ga jawabin da wani ma'aikacin yaƙi da jahilci ya yi wa ɗaliban makarantun manya na Tawa da kewayenta, cikin watan Fabrairu. Muna roƙon malamai su karanta shi tare da ɗalibansu, kashi-kashi.



Masu gari, malamai, iyayenmu maza da mata, ƴan'uwa ɗaliban makarantun manya, barkanku da zuwa. Mun gode wa waɗanda suka taso daga nesa, daga Kalfu, da Barmu, da Afala, da Bambai, da Takanamat. Allah ya saka muku da alheri.

Yau zancen ɗakin karatu za mu yi, da zancen tarihi. Wani zai ce, ina ruwan manomi da ɗakin karatu? Ku kasa kunne. In na gama, ku yanke hukunci da kanku.

Mene ne ɗakin karatu?

Shi ne abin da ƴan lakkwal ke kira bibiliyotek. A Najeriya suna ce masa laburare. Rumbu ne, amma rumbun littattafai. Kun san rumbun tsimi na gari: na kowa ne, mai bukata ya ɗauka, in ya samu ya mayar. To, haka ɗakin karatu yake. Ka ari littafi, ka karanta, ka maido, wani ya ɗauka. Bambancinsu ɗaya ne. Hatsi in an ci ya ƙare. Littafi kuwa mutum ɗari su amfana da shi, yana nan yadda yake.

Ɗakin karatu mai rai wurin taro ne. Ana koya wa manya karatu a ciki. Ana yi wa yara tatsuniya. Ana kiran dattijo ya ba da labari. A wata ƙasa mai nisa, wato Amurka, ɗakunan karatu sun keɓe wannan wata na Fabrairu don tunawa da tarihin baƙar fata. Zan gaya muku yadda abin ya faro, don akwai darasi a ciki gare mu mutanen Adar.

Yadda baƙar fata suka je Amurka

Shekaru ɗaruruwa Turawa suna sayen mutane a bakin tekun Afirka, suna loda su cikin jiragen ruwa. Mutum fiye da miliyan 12 aka kwashe. Kusan miliyan 2 sun mutu cikin teku, ba su ko kai can ba. Waɗanda suka isa aka sa su noman rake da auduga da taba, ba lada.

Akwai Hausawa cikinsu. A ƙasar Barazil, a jihar Bahiya, bayi Hausawa sun shirya tawaye a 1807, sun kuma tashi a 1809 da 1814. A 1835 bayi Musulmi suka yi babban bore a can. Da aka ci su da yaƙi, an samu takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Kun ga ke nan cikin waɗanda aka sayar akwai masu karatu.

Masu bayi sun san haɗarin karatu. A wata jiha ta Amurka, tun 1740 aka yi doka mai hana koya wa bawa rubutu. Me ya sa? Domin wanda ya iya karatu yana iya sanin haƙƙinsa. Wani bawa mai suna Faradarik Daglas ya koyi karatu a ɓoye tun yana yaro. A 1838 ya gudu. A 1845 ya rubuta littafin rayuwarsa, daga baya ya kafa jarida tasa. Alƙalaminsa ya taimaka ƙwarai wajen yaƙi da bauta, har aka hana ta a Amurka a 1865.

An hana bauta, amma wulaƙanci bai ƙare ba. A kudancin Amurka akwai ɗakunan karatu da baƙin mutum ba ya shiga. A 1961, a wani gari mai suna Jaksan, ɗalibai baƙaƙe 9 suka shiga ɗakin karatun farare, suka zauna shiru suna karatu. Ƴan sanda suka kama su. Laifinsu ke nan, karatu. Mu yau ƙofa a buɗe take, ba mai korar mu. Mu yi tunani a kan wannan.

Mutumin da ya shiga makaranta da girmansa

Wanda ya kafa bikin da nake gaya muku sunansa Karta Wudsan. An haife shi a 1875. Uwarsa da ubansa duk an taɓa bautar da su. Talakawa ne, saboda haka aikin gona ya hana shi zama lakkwal sosai. Da ya girma ya tafi aikin haƙar kwal cikin rami. Da dare yakan karanta wa abokan aikinsa jarida, domin su ba su iya karatu ba. Su kuma su ba shi labarin abin da suka gani a rayuwarsu, labarin da babu shi cikin kowane littafi.

Sai da ya kai shekara 20 ya shiga makarantar gaba da firamare. Ku da kuke cewa girma ya zo, ƙwaƙwalwa ta bushe, kun ji. Ya yi ta karatu har ya zama babban malamin tarihi a 1912. Ya duba littattafan makaranta, ya ga ba a ambaton baƙar fata sai a matsayin bayi. A 1926 ya keɓe mako guda cikin Fabrairu don a riƙa koyar da tarihinsu. A 1976 makon ya zama wata guda cur. A Ingila ma, tun 1987 ana yin irinsa cikin watan Oktoba, kuma wani mutumin Gana ne ya jagoranci kafa shi.

Akwai kuma wani mai suna Arturo Shombag. Ana ba da labari cewa yana yaro, malaminsa ya ce masa baƙar fata ba su da tarihi. Maganar ta tsaya masa a rai. Ya yi ta tara littattafai da wasiƙu da hotuna, duk abin da ya shafi baƙar fata. A 1926 aka sayi abin da ya tara aka ajiye a ɗakin karatu na unguwar Harlem, cikin birnin Niyu Yok, don kowa ya gani. Yau abubuwan da ke wurin sun wuce miliyan 10. Da ɗaya-ɗaya aka fara. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga darasin: mutanen nan ba su zauna jiran wani ya rubuta musu tarihinsu ba. Su suka tara shi da hannunsu, suka kai shi inda kowa zai same shi.

To, mu fa?

Mu ma baƙar fata ne, kuma tarihin Adar reshe ne na wannan babban itace. Bari in tuna muku kaɗan daga ciki.

Kafin Tawa ta zama birni, ƙauyuka biyu ne na Azna, Bilbis da Fakawa. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci ƙasar Adar da yaƙi. Daga baya ya yi sarautar Agadas. Da aka tuɓe shi a 1721 ya dawo Adar ya zauna. Daga zuriyarsa ne sarakunan Adar na Ilela suka fito.

Shehu Usman ɗan Fodiyo, wanda ba wanda bai san sunansa ba, a Maratta aka haife shi a 1754, kusa da Galmi, cikin wannan jiha tamu ta Tawa. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta tara mata tana koya musu, tana aika manyansu ƙauyuka su koya wa wasu. Su ne ake kira Ƴan Taru. Iyayenmu mata, kun ga karatun mata ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa.

A 1899 ayarin sojan Faransa na Vule da Shanwan ya ratso ƙasar nan yana ƙone garuruwa. Sarauniya Mangu ta yi musu tsayayya a Lugu. Cikin watan Mayu na shekarar suka faɗa wa Birnin Ƙonni suka yi kisa mai yawa. Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya. Amma jikokinsu suna nan, da abin da suka ji daga bakinsu.

Ta yaya muka san waɗannan abubuwa? Domin wasu sun zauna da tsofaffi sun rubuta. Malam Jibo Hamani ya bi garuruwan Adar yana tambaya, ya haɗa da tsofaffin takardu, ya fitar da littafin tarihin Adar a 1975. Yau jami'ar Tawa sunansa take ɗauke da shi. Wata Bafaransa mai suna Nikol Eshar ta zauna cikin manoman Adar shekaru, ta rubuta tarihinsu, har ta ɗauki fim ɗin yadda maƙeranmu ke narka tama su fitar da ƙarfe. Marigayi Bubu Hama ya tara tsofaffin littattafan Larabci da na ajami, suna nan ajiye a Yamai.

Sai dai akwai matsala. Yawancin littattafan nan da Faransanci aka rubuta su, kuma suna birni. Kuma komai ƙoƙarin malami, ba zai shiga kowane ƙauye ba. Wa ya haƙa rijiyar farko ta garinku? Daga ina kakanninku suka taso? Me ya sa garinku ya ci sunan da yake da shi? Ba littafin da zai gaya muku. Amsar tana bakin tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya. Wani malami ɗan ƙasar Mali, Amadu Hampate Ba, ya kwatanta mutuwar tsoho a Afirka da ɗakin karatu da ya ci wuta. Kowace shekara irin wannan gobara tana tashi a garuruwanmu.

Kuma zamani ya sauya. Samarinmu suna tafiya bida, Abijan, Legas, Libiya, Aljeriya. Hirar dare ta ragu, kowa ya duƙufa kan salularsa. A arewacin jihar nan rashin zaman lafiya ya tashi wasu mutane daga garuruwansu. Wanda ya bar gari da gudu ba ya ɗaukar kushewar kakansa. In labarin bai shiga takarda ba, ya tafi ke nan.

Labarin talaka ma tarihi ne

Kada wani ya ce tarihi na sarakuna ne da mayaƙa kaɗai. Ku ji misali biyu.

Akwai wani yaro mai suna Dorugu, mutumin Dambanas, wajen Kance a ƙasar Damagaram. An kama shi bawa yana ƙarami. Daga baya aka ƴanta shi, ya bi wani Bature matafiyi har Ingila a 1855. Can ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa, aka rubuta. Har yau ana karanta shi.

Akwai kuma wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, ana ce mata Baba ta Karo. Ba ta iya karatu ba. Ta ba wata Baturiya labarin aurenta, da ƙawayenta, da zamanin hare-haren bayi. A 1954 labarin ya zama littafi, ya zagaya duniya.

Su biyun nan baƙi ne suka rubuta musu. Iyayenmu ba sa bukatar baƙo. Ga ku, kun iya riƙe bik. Harshenku ɗaya da su, kun san wuraren da suke ambata.

Muna da abin rubutawa da yawa. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da farin 1973, da yunwar 1984 wadda wasu wurare ke kira El-Buhari: me mutane suka ci, ina suka nufa, wace dabara ta cece su? Yadda aka dasa jerin itatuwa masu tare iska a Majiya tun 1975. Yadda mata suka ɗauki duwatsu a kai cikin aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984. Yadda manoma suka rayar da fako da tassa. Wannan duk ilimi ne da jikokinmu za su nema ranar da damina ta yi gardama.

Magana mai nauyi

Akwai abin da ba zan tsallake ba. Mun yi zancen bauta a Amurka. A nan ƙasar ma an yi bauta, kuma tabonta bai gama warkewa ba. Har yanzu akwai inda ake hana mutum aure ko gona don an ce asalinsa bawa ne.

Ku sani, tun 2003 dokar Nijar ta ce bautar da mutum babban laifi ne, hukuncinsa ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Wata mata daga jihar nan, Hadijatu Mani, an sayar da ita tana da shekara 12 a kan jikka 240. Da ta girma ta kai ƙara. A 2008 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta ba ta gaskiya, ta ce a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Labarinta ma yana cikin tarihin baƙar fata, kuma a ƙofar gidanmu ya faru.

Saboda haka ina jan kunnenku. Tarihin da za mu rubuta ba na gori ba ne. Ba za mu rubuta don a ce wane ɗan bawa ne, ko a tado tsohuwar rigimar gona ba. Bahaushe, da Buzu, da Bafillace, da Balarabe, rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci. Wanda aka zalunci kakansa, abin kunyar yana kan wanda ya yi zaluncin. Baƙaƙen Amurka jikokin bayi ne, suna faɗin haka da kansu a ɗage, domin kakanninsu sun jure sun rayu.

Yadda za mu yi aikin

Abin da ake bukata kaɗan ne: kaye ɗaya, bik ɗaya, da haƙuri.

Na farko, ku je wurin dattijo da ladabi, lokacin da ya huta. Ku ce: Baba, muna so mu rubuta abin da ka sani don jikokinka. In tsohuwa ce, mata su je, don akwai maganar da ba za ta yi gaban maza ba. In sun ce kada a rubuta wani abu, kada ku rubuta.

Na biyu, a kan shafin farko ku sa sunan gari, da ranar da kuka yi hirar, da sunan mai ba da labari. Ku tambaye shi: da idonka ka gani, ko ji ka yi? In ji ya yi, daga bakin wa?

Na uku, tsofaffi ba sa ƙidayar shekara da lamba. Ku tambaye su: zamanin wane sarki ne? Kafin ƴancin kai na 1960 ne ko bayansa? Zamanin Diori ne ko na Kunce, wanda ya hau mulki a 1974? Ta haka malaminku zai taimake ku ku gano shekarar.

Na huɗu, ku rubuta yadda suka faɗa, da Hausarmu ta Adar. Kada ku yi musu gyara. Mai jin Tamajak ya rubuta da Tamajak, mai jin Fillanci da Fillanci. Mai salula ya ɗauki muryar, in sun yarda, sa'an nan ya rubuta a hankali. Salula tana ɓacewa, tana lalacewa, kada ku dogara da ita kaɗai.

Na biyar, kada ku tsaya ga baki ɗaya. Ku ji mutum biyu ko uku. In maganarsu ta saɓa, ku rubuta duka, kowa da tasa. Ba ku ne alƙalai ba.

Na shida, ku kwafi labarin sau biyu. Ɗaya ya zauna a gari, ɗaya ku ba malaminku ya kawo mana. Waɗanda suka dace za mu buga su cikin wannan jarida, da sunan garinku.

In akwai tsofaffin takardun ajami ko na Larabci a gidanku, ku kula da su. Gara da laima da ɓera su ne abokan gabarsu. Ku naɗe su cikin tsumma mai tsabta, ku sa cikin akwatin ƙarfe, ku ɗora shi bisa duwatsu, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Kada ku sayar wa ɗan kasuwa. In wani yana son gani, ya ɗauki hoto ya bar muku abinku.

Ɗakin karatun ƙauye

Ba sai an yi ginin siminti ba. Akwati ɗaya ya isa a fara. Ku sa littattafan karatunku a ciki, da kowace jarida da ta zo, da kayen tarihin garinku. Ku zaɓi mutum biyu masu amana, namiji da mace, su riƙe mabuɗi, su riƙa rubuta sunan mai aro da ranar maidowa.

Sau ɗaya a mako, bayan sallar isha'i ko da yamma, ku taru. Ɗalibi ɗaya ya tashi ya karanta da ƙarfi. Ku gayyaci tsofaffin da suka ba da labarin, su ji maganarsu tana fitowa daga takarda, su gyara inda aka yi kure. Ku bar yara su zauna gaba. Ku kira maroƙa da mawaƙa da maƙera, kowa da abin da ya gada. Gidan matasa da al'adu na Tawa sunan mai tatsuniya aka sa masa, Albarka Cibau, don mai tatsuniya ma ma'ajin tarihi ne.

Akwai riba ta biyu. Kun san karatu kamar lauje ne, in an ajiye shi sai ya yi tsatsa. Da yawa sun gama makarantar manya, bayan damina biyu baƙaƙen sun gudu, don ba su da abin karantawa. Wanda yake rubuta labarin garinsu, yana kuma karanta shi gaban jama'a, hannunsa ba zai mutu ba.

Yanzu rani ne, aikin gona ya yi sauƙi, tsofaffi suna gida. Lokacin ke nan. Ranar 8 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da jahilci ta duniya. Ina roƙon kowace makaranta ta zo ranar da kayenta a hannu, ko da shafi 5 ne. Kowa ya fara da tsohon da ya fi kowa shekaru a garinsu, kuma cikin makon nan, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah ya ja zamanin iyayenmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kawo damina mai albarka. Allah ya kai kowa gidansa lafiya.